Bene na haya ko jerin shaguna: ina ya kamata in zuba kuɗina a Kaduna?

"Assalamu alaikum. Na yi ritaya bara bayan shekara 35 ina aikin gwamnati. Da na haɗa garatutina da kuɗin wani gida da na sayar a Abuja, ina da kimanin naira miliyan 150 a hannu. Ƙanena ya ce in gina bene mai filat shida in zuba 'yan haya. Wani abokina kuma ya ce gidan haya ciwon kai ne, in nemi bakin titi in yi shaguna. Ni abin da nake so shi ne abin da zai riƙe ni da iyalina, ya kuma zama gado ga yara. Wanne ya fi a Kaduna?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a hutun, ya kuma tsare wannan dukiya.

Idan na fahimce ka, buƙatu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Kana son kuɗin da zai riƙa shigowa duk shekara ka yi cefane da kuɗin makaranta, kana kuma son kadarar da za ta riƙe darajarta har ta kai ga yara. Gini yana iya yin duka biyun, amma ba daidai wa daida ba. A shekarun da na yi ina ƙiyasta darajar gidaje da kula da na mutane a garin nan, na ga gini ya fi ƙwarewa a buƙata ta biyu nesa ba kusa ba. Masu shiga harkar da tunanin haya za ta mayar musu da kuɗinsu cikin shekara bakwai ko takwas su ne suke dawowa ofishina da ɓacin rai. Don haka kafin mu zo kan filat ko shago, bari mu yi lissafi.

Lissafin da dillali ba zai yi maka ba

Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai don ka ga yadda ake auna abin. Kai za ka sa na gaskiya idan ka samu wurin. A ce fili da gini da katanga da rijiyar burtsatse sun cinye miliyan 150 ɗin cif, ka samu filat shida masu ɗaki biyu da falo, kowanne ana biyan miliyan ɗaya da rabi a shekara. Miliyan 9 ke nan. A nan dillali yake tsayawa, ya ce maka ka huta. Amma a cikin filat shida da wuya a rasa ɗaya da zai zauna babu kowa na wata shida, tsakanin fitar wani da fenti da shigar wani, dubu 750 ta tafi. Mai kula da gidan zai ɗauki kamar kashi 10 cikin ɗari, dubu 900. Gyara, wato famfon da ya ƙone, kwanon da iska ta ɗaga a farkon damina, kwashe sokawe, ware masa wata dubu 900. Harajin ƙasa da inshora da ƙananan abubuwa, a ce dubu 450. Abin da ya rage a hannunka miliyan 6 ne, kashi 4 cikin ɗari na abin da ka zuba. Da haya kaɗai, shekara 25 kafin uwar kuɗi ta dawo.

Yanzu ka ajiye wannan kashi 4 kusa da abin da ya faru a ƙasar nan. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. Buhun siminti ya wuce naira dubu 10 a farkon shekarar. Shi kuwa albashin ɗan hayarka bai yi irin wannan tsalle ba, kuma daga albashinsa yake biyan ka. Tsadar gini tana bin dala, haya tana bin aljihun ma'aikacin Kaduna. Wannan tazarar ita ce tushen matsalar duk mai ginin haya a yau.

To me ya sa har yanzu nake cewa a yi? Saboda ribar gaske tana cikin ƙasar da ginin yake kai da kuma tsadar sake gina irinsa. Wanda ya gama benensa a 2021 yau ba zai iya gina rabinsa da kuɗin da ya kashe ba, kuma wanda ya ajiye kuɗin a banki ya ga yadda suka narke. Haya kuma tana tashi, ko da a hankali. Gini rumbu ne mai ɗan yoyon alheri duk shekara. Idan da wannan ido ka shiga, ba za ka yi nadama ba.

Daga wannan lissafin kuma hukunci ɗaya yake fitowa wanda ba na sassautawa a kansa: kada ka ci bashin banki mai ruwa don ƙarasa ginin haya. Ban da haramcin riba, lissafin kansa ba ya tashi. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da rance. Kadarar da take kawo kashi 4 ko 6 ba za ta biya bashin kashi 30 ba ko da kowane ɗaki a cike yake. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna da tsarin ijara (banki ya ba ka kadara haya) da musharaka (haɗin gwiwar jari), amma su ma ribar da suke ɗorawa tana bin yanayin kasuwa, sai ka zauna da biro ka auna kafin ka sa hannu.

Waye zai shiga?

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya gina gidan da shi kansa zai so ya zauna a ciki, ba wanda masu neman haya a unguwar suke iya biya ba. Kaduna garin ma'aikata ne da sojoji da ɗalibai da 'yan kasuwa. Akwai makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, akwai sansanin sojan sama a Mando, akwai Asibitin 44 da Barau Dikko, akwai Kaduna Polytechnic da jami'ar jiha, ga sakatariya da ma'aikatu. Tun da jirgin ƙasan Abuja ya fara aiki a 2016 kuma aka samu masu aiki a Abuja da suka bar iyali a nan saboda sauƙin haya. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya taso daga Birnin Gwari da ƙauyukan Igabi da Chikun da jihohin maƙwabta. Kowane rukuni da irin ɗakin da yake nema da abin da zai iya biya.

A abin da nake gani a aikina, ciki da falo mai banɗaki da kicin a ciki, da kuma mai ɗaki biyu, su ne ba sa kwana. Sabon ango, ma'aikaciyar jinya, ƙaramin hafsa, ma'aikacin banki da aka yi wa canjin wurin aiki, duk nan suke faɗawa. Manyan filat masu ɗaki uku da huɗu a Malali ko Unguwar Rimi suna da kuɗi, amma masu iya biya kaɗan ne, kuma da yawansu da sun yi shekara biyu sai su gina nasu a sabuwar unguwar Millennium City su fita. Idan babban filat ya zauna wata takwas babu kowa, asarar ta fi ta ƙananan ɗakuna uku. Sai dai ƙananan suna da nasu nauyin: banɗaki ya ninka, kicin ya ninka, mutane sun yi yawa a kan tanki ɗaya, rigimar shara da wurin ajiye mota ta ƙaru.

Akwai kuma gaskiyar da duk ɗan Kaduna ya sani. Tun bayan rikicin 2000 da na 2002, zaman garin ya rabu, mutane suna zaɓar unguwa bisa inda hankalinsu ya kwanta, wasu arewacin kogi wasu kudanci. Abin baƙin ciki ne, amma mai zuba jari ba zai rufe ido a kai ba. Barnawa da Narayi da Sabon Tasha kasuwar haya ce mai ƙarfi, Kawo da Unguwar Dosa da Kinkinau da Badarawa ma haka, amma masu nema daban ne, har tsarin ginin da suke so ya bambanta. Iyalin Bahaushe za su tambaye ka ko baƙo na falo yana hango kicin, ko matar gida tana da inda za ta yi shanya ba tare da maƙwabta suna kallonta ba. Na taɓa riƙe wani bene da aka yi wa matakala ɗaya a tsakiya, ƙofofin filat huɗu suna kallon juna. Ginin yana da kyau, tayil har bango, amma magidanta suna zuwa da matansu su duba, matar ta leƙa ta ce a'a. Sai da muka ja ɗan bango muka juya ƙofofi biyu kafin gidan ya cika.

Ka kuma sa tarihin Kakuri a ranka. Lokacin da masaƙu suke aiki, mai ɗakin haya a Kakuri da Makera da Nasarawa sarki ne. Da masaƙar KTL ta tsaya a 2002, ta UNTL ta bi baya a 2007, dubban ma'aikata suka rasa albashi, masu gidaje suka koma bin bashin da ba zai fito ba. Unguwar da duk 'yan hayarta suke cin abinci daga ƙofa ɗaya, ranar da aka rufe ƙofar kai ma an rufe taka. Haka masu masauki da shaguna a kusa da tashar jirgin ƙasa ta Rigasa suka ɗanɗana lokacin da jirgi ya tsaya bayan harin 28 ga Maris 2022, sai a watan Disamba ya dawo.

Maganar shaguna

Abokinka yana da gaskiya ta wani ɓangare. Shago ya fi sauƙin gini, bango huɗu ne da ƙofar ƙarfe. Ɗan kasuwa shi yake gyara cikinsa da kuɗinsa, ba ya kiran ka da tsakar dare don famfo ya fashe, kuma idan kasuwa ta karɓe shi a wurin ba ya son tashi, don haka yana biya a kan lokaci. Idan aka auna da faɗin wuri, hayar shago a wuri mai kyau ta fi ta ɗakin kwana.

Amma shago ba ya yafe kuskuren wuri. Gidan kwana idan yana lungu na biyu ko na uku, ka rage kuɗi kaɗan za a shiga. Shago kuwa taku hamsin ne tsakanin wanda ake rububi da wanda zai shekara a kulle. Ka bi Ahmadu Bello Way ko Ali Akilu ko Isa Kaita ka ɗaga kai sama, ka ƙirga shagunan hawa na biyu da na uku da babu kowa. Mai saye a garin nan ba ya son hawa bene don sayen atamfa ko waya. Sama sai ofishin lauya, ɗakin gwajin jini, makarantar kwamfuta, kuma waɗannan ba su da yawan da za su cika duk filazar da aka gina. Wanda ya lissafa hayar sama daidai da ta ƙasa ya yaudari kansa.

Sannan titi yana canzawa. Aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa tituna da dama, aka sake gadar Kawo, aka rushe kasuwanni irin Kasuwar Barci don a sake gina su. Wasu filaye darajarsu ta ninka saboda kwalta ta iso ƙofarsu. Wasu kuma aikin ya cinye gabansu. Ina da wani da nake kula wa da shaguna takwas a bakin wani titi. Da aka raba titin biyu aka sa shinge a tsakiya, sai ya zamana mai mota da ke ɗaya hannun sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya samu wurin juyowa, filin ajiye motar gaban shagunan kuma ya koma kwata. Ba a taɓa ko bulo ɗaya na ginin ba, amma cikin shekara guda mai kantin magani da mai sayar da kayan sanyi suka tashi. Na tuna ranar da mai kantin ya kawo mini makulli, ya ce, "Wallahi ba don na ƙi wurin ba, mutane ne suka daina tsayawa." Wurin ajiye mota a filaza ba ado ba ne, shi ne rabin hayar.

Fili mai irin wannan kyau a bakin babban titi kuma shi kaɗai yana iya cinye mafi yawan miliyan 150 ɗinka kafin a haƙa tushe. Wannan ne babban dalilin da ya sa, a matsayinka na wanda wannan ne jarinsa na ƙarshe, ba zan tura ka ga filaza zalla ba.

Takarda kafin bulo

A nan ne nake roƙonka ka yi haƙuri ka kashe kuɗi da lokaci. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Abin da kake saya izinin zama ne, galibi na shekara 99 a filin gidan kwana, kuma sayar da shi daga hannu zuwa hannu yana buƙatar amincewar gwamna. A Kaduna hukumar KADGIS ce take riƙe da rajistar filaye. Kafin ka ba da ko kuɗin kafin alƙalami, lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, ya je ya binciki fayil ɗin: sunan wa ke kai, an jinginar da shi a banki ko a'a, akwai bashin harajin ƙasa, kuma an ware wurin don gidan kwana ne ko kasuwanci. Ka ɗauki safiyo ya auna iyakokin ya gwada da abin da ke cikin taswirar hukuma. Takardar mai unguwa ko ta hakimi shaida ce mai amfani wajen sanin tarihin fili, amma ba ta tsayawa a madadin takardar mallaka ta gwamnati.

Idan gidan gado ne, kuma yawancin tsofaffin gidaje masu faɗi a Tudun Wada da Unguwar Sarki da Unguwar Shanu na gado ne, kada ka yarda da babban wa shi kaɗai. Ka ga takardar rabon gado daga kotu, ka ga sa hannun kowane magaji, mata da maza. 'Yar'uwa ɗaya da take aure a wani gari ba a sanar da ita ba ta isa ta tsayar maka da gini shekaru.

Bayan haka sai izinin gini daga KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, da zanen da aka amince da shi. Idan takardarka ta gidan kwana ce kana son shaguna, sai ka nemi canjin amfani tukuna. Mutanen garin nan sun ga jan fentin alamar rusau a bango, sun ga abin da ya biyo baya. Ka kuma nisanci ƙarƙashin babbar wayar wuta da gefen layin dogo da bakin kogi, komai arahar wurin. Filin da ke kusa da Kogin Kaduna, ka je ka gan shi a watan Agusta ko Satumba, ka duba bangon maƙwabta ko akwai layin da ruwa ya bari. Mutanen Kigo Road ba sa buƙatar a ba su labarin ambaliya.

Abin da zan yi da a ce ni ne

Ba zan zuba miliyan 150 duka a gini ba. Zan ware kamar kashi ɗaya cikin biyar in ajiye a abin da ake iya mayarwa kuɗi da sauri, misali sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 kuma yake biyan haya duk wata shida. Dalili shi ne gini ba ya sayuwa ranar da kake buƙata. Idan rashin lafiya ta zo, ko auren 'ya, ba za ka yanke filat ɗaya ka kai kasuwa ba, kuma mai sayar da gida cikin gaggawa a hannun dillalai yake ƙarewa.

Da sauran zan nemi fili mai tsabtatacciyar takarda a unguwar da ta riga ta cika da mutane, kusa da inda masu albashi suke aiki, a kan titin unguwa mai wucewar jama'a. In sa injiniya ya yi tushe da ginshiƙan da za su ɗauki bene, amma in gama hawan ƙasa tukuna, filat uku ko huɗu ƙanana, in zuba mutane. Idan hukuma ta amince, in fitar da shago biyu ko uku a jikin katanga ta gaba, irin na mai kayan masarufi, mai POS, mai aski. Ka ga ka ɗanɗana shawarar ƙanenka da ta abokinka ba tare da ka jingina rayuwarka a kan ɗaya ba. Gini rabi da aka yi wa rufi ana karɓar haya ya fi bene hawa uku da ya tsaya a linta shekara biyar ruwa yana cin rodinsa, kuma irin waɗannan kangaye suna nan birjik a bayan gari. Kafin ka yanke shawarar ginawa ma, ka sa a duba maka gidajen da aka riga aka gina. A wannan tsadar kayan, wani lokaci sayen tsohon gini mai ƙwari a gyara ya fi sabon gini sauƙi, in dai injiniya ya duba tushe da dekin ya tabbatar.

Wajen ginin, kada ka yi tsimi a kan rodi, siminti, wayar wuta da bututun ruwa, abubuwan da suke shiga cikin bango ba a sake ganinsu. Tsimin ka yi shi a kan ado. Kowane filat da mitarsa ta kati, domin rigimar kuɗin wuta ita ce ta fi raba mai gida da 'yan haya. Famfon burtsatse ka sa masa sola. Ka yi wa ginin inshora, akwai kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai gudun shubuha.

Sai abu na ƙarshe da yake kashe gidajen haya a ƙasar Hausa, wato kunya. Ɗan ƙanwarka zai zo, abokin aikinka na da zai turo surukinsa, limamin unguwa zai yi wa wani magana. Shekara ta farko za su biya, ta biyu su kawo rabi, ta uku su gaishe ka da kyau a masallaci. Kai kuma dattijo ne, ba za ka iya kai su kotu ba. Idan kana son taimakon ɗan'uwa, ka ware filat ɗaya ka ce wannan sadaka ce, ka cire shi daga lissafi, Allah ya ba da lada. Sauran ka damƙa wa ƙwararren mai kula da gidaje mai rajista, ya zama shi ne fuskar gidan. Kowa da rubutacciyar yarjejeniya da mai tsaya masa. Ka sani kuma ɗan haya yana da haƙƙi: mai biyan shekara-shekara, in ba yarjejeniya ta faɗi wani abu daban ba, ana ba shi notis na wata shida, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Cire masa ƙofa ko kwano ko yanke masa ruwa laifi ne da zai juyo kanka.

Ni aikina ƙiyasi ne da kula da gidaje. Maganar zakkar kuɗin haya da yadda za ka tsara kadarar don rabon gado ya zo wa yara da sauƙi, ka zauna da malami da lauya tun yanzu, domin bene ɗaya a tsakanin magada goma sha biyu yakan ƙare a sayarwa. Ban kuma ga filin da ƙanenka ko abokinka suke nufi ba. Idan ka samu wuri biyu ko uku da suka kwanta maka, ka je kowanne sau uku, da safe, da yamma, da kuma ranar da aka yi ruwan sama. Ka tambayi mai shagon kusa nawa ake biyan ciki da falo a layin, da wata nawa ɗakin da ya fita na ƙarshe ya yi kafin a shiga. Ka rubuta amsoshin, ka sa su a lissafin da muka yi a sama, ka turo mini mu duba tare.